Ruwan Alwalar Baba

Shekarar da aka zaɓe ni cikin ɗaliban da za su je karatun musaya a Turai, ko'ina a Abuja sare itatuwa ake yi ana zuba kankare. Shirin namu kuwa ya zo da sabon sharaɗi. Wai hayaƙin jirgi yana ɓata sararin sama, don haka tafiya ɗaya ce, dawowa ɗaya, babu zuwa gida hutu sai an gama shekara biyun. Kuma kowa sai ya dasa itace kafin ya tashi, a riƙa aiko da hotonsa. Na sa hannu ban ko tsaya tunani ba, alhali na san Baba yana fama da ciwon ƙoda.

Mangwaro na dasa a tsakar gidanmu na Jikwoyi. Ruwa a unguwar sai an saya wurin 'yan garuwa, shi ya sa Baba, tsohon direban ma'aikata da ba ya son asara, ya mayar da wurin alwalarsa gindin dashen. Yana tsokanata, wai Turawa su ƙone sama, shi tsoho ya biya da butarsa. Duk hoton da aka turo mini sai na ga butar nan shuɗiya a gefe, wani lokaci har da ƙafarsa.

A shekara ta biyu jikinsa ya tsananta. Na je wurin ma'aikaciyar da ke kula da mu, mace mai kirki, na roƙi a bar ni in leƙa gida. Ta ce babu mai hana ni, amma in na tafi na fita daga shirin ke nan, ƙa'idar ta hau kan kowa. Na kira Baba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma bai fasa wasa ba.

"Zauna ka gama. Ni da itacenka muna nan, babu inda za mu."

Na zauna. Ranar da ya rasu ina cikin aji, waya a kashe. Kafin in kunna an riga an kai shi, an dawo. Na sayi burodi a hanya, na ci, na wanke kofi. Ban yi kuka ba, ban kuma ji haushin kowa ba. Har yau ba na cewa ƙa'idar ba ta da ma'ana. A taron sallama an nuna hoton mangwarona a bango, aka ce ya fi na kowa girma, aka tafa. Ni ma na tafa.

Da na dawo na tarar mangwaron ya wuce katanga. Na yi makonni ina alwala a banɗaki, ina ratse shi kamar maƙwabcin da ba ma gaisawa. Mama tana kallona. Sai wata la'asar ta cika butar nan shuɗiya, ta ajiye a gindinsa.

"Babanka ya ce riƙon ƙwarya yake yi maka. In ka dawo ka karɓi aikinka."

Na tsuguna. Akwai ɗan rami a ƙasa inda ruwansa ya saba zuba, da dutsen da yake ɗora ƙafa. Na ɗora tawa, na wanke hannu, na kurkure baki, ina jira in ji wani abu. Ruwan ya bi ramin ya shige, kamar bai san an canza mutum ba.