Lissafin da Na Kai Dutse

Mun tashi da asuba daga Aujara, mu uku a tsohuwar fijo ta mataimakin shugaban makarantarmu: shi, da malamin kimiyya, da ni mai koyar da lissafi. Babban taron masana lissafi da ake yi duk shekara bana Dutse aka kawo shi, ni kuwa tun da na gama jami'a ban taɓa samun zuwa ba. A kan cinyata akwai takardar da na yi shekaru ina haɗawa, bayan la'asar da lokutan hutu, kan lambobin nan da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. Na yi imani na gano wata alaƙa a tsakaninsu da ba wanda ya taɓa gani. An kuma ce wata cibiyar binciken lissafi za ta halarta, mai ɗaukar malamai ta tura su ƙarin karatu. Ita na nufa.

An kwana ana ruwa, hanya duk ta yi taɓo, gero a gonaki ya fara fitar da kai. A Jahun muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, har malamin kimiyya ya ce da ya sani da ya taho da madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu. Gidajen mai kuwa a bushe suke, motoci sun yi layi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a gindinsu suna jiran tsammani. A Kiyawa dole ta sa muka sayi galan guda wajen 'yan bumburutu, da tsadar da ta sa mai motar ya yi ta salati. Ashe an gauraya shi da kananzir. Da tari da atishawa fijo ta kai mu Dutse, hantsi ya dubi ludayi.

Garin bai gama zama babban birnin jiha ba. Ofisoshin gwamnati wasu a gidajen haya suke, masaukin baƙi kuwa bai taka kara ya karya ba, don haka manyan malaman da suka zo daga Kudu da Arewa a azuzuwan wata makaranta aka shimfiɗa musu katifu. Mu muka sauka a unguwar Yalwawa, gidan ƙanen mahaifiyata, inda tuwon dawa da miyar kuka ba su yanke mana ba.

Cibiyar an ba ta ɗaki guda a gefen zauren taro. Sun rataya ƙyalle mai sunansu, sun jera mujallun bincike a kan tebur, ga kwamfuta an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Da yawa daga cikinmu ita muka zo gani, domin an ce za a nuna yadda take warware lissafi. Ana kunna ta aka ɗauke wuta. Janareto yana nan, mai ne babu. Ƙarshe dai wani ma'aikacinsu ya ɗauki alli ya zana mana a allo abin da ya kamata mu gani a jikin gilashin. Muka tafa masa, don ya yi iya ƙoƙarinsa.

Kashegari na samu ganin shugaban tawagar, wani farfesa dattijo, ashe mutumin ƙasar Haɗeja ne. Ya karɓe ni hannu biyu, ya tambayi mutanen gida da damina, sannan ya ɗauki fensir ya shiga bin takardar layi-layi. Ya daɗe. Ni ina zaune a bakin benci ina jira.

"Malam, ban ga kuskure ko ɗaya ba," in ji shi. "Wa ya duba maka?"

Na ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe."

Ya miƙe, ya zaro wata tsohuwar mujalla daga ƙasan tarin, ya buɗe ya ajiye a gabana. Abin da na rubuta a shafuka masu yawa, ga shi a shafi biyu, da sunan wani Bature. An buga shi tun ina firamare. Na karanta sau biyu, ina neman inda muka bambanta. Babu.

Daga nan na tambaye shi batun ƙarin karatu. Ya ce an dakatar da shirin tun da masu ba da tallafi daga ƙasashen waje suka janye, labarin da na ji tsoho ne. Ya nuna min mujallun da ke kan teburin, ya ce ko mafi sabuntarsu ta yi shekaru, domin tun da naira ta faɗi ba su ƙara iya sayen ko ɗaya ba. Shi kansa wannan ne taronsa na ƙarshe. Ya samu aiki a wata ƙasa can kudancin Afirka, abokan aikinsa da dama sun riga shi tafiya.

"Ba albashi kaɗai ke kai ni ba," ya ce. "So nake in karanta abin da aka rubuta bana kafin in mutu."

Ya rako ni har ƙofa, ya ce kada in daina. Bai faɗa min in ci gaba da me ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar rufe taro manyan baƙi suka iso a makare, aka yi jawabai kan cewa lissafi shi ne ginshiƙin ci gaba, aka raba lemo, aka watse. Na hangi 'yan cibiyar suna ɗora kayansu a bayan akori-kura, farfesan da kansa yana riƙe da igiya.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi raha. Mataimakin shugaba ya ce komai nufin Allah ne, na ce haka ne. Mun shiga Aujara ana kiran magariba.

Ba riga ni da aka yi ne ya fi yi min ciwo ba, gaba da gabanta. Abin da ke cina shi ne, duk shekarun nan babu ɗakin karatu ko malami ɗaya kusa da ni da zai ce min, tsaya, an wuce nan. Waɗanda za su iya faɗa kuma suna ɗaure kaya. A ajina akwai ɗalibai mata da maza da suka fi ni kaifin ƙwaƙwalwa sa'ad da nake kamarsu, kuma na saba ce musu lissafi zai kai su nesa. Ran Litinin da na shiga aji, darasi kawai na koyar.