Oba-oba a Zauren Baba

Allah Ya jiƙan mahaifinmu. A gidanmu shi kaɗai ne bai so oba-oba ba, kuma a zaurensa aka kafa ta.

Yayana ne ya kawo ta, a farkon shekarun tamanin. Fataucin albasa da wake yake yi, yana da gida da sito a Sakkwato, mu kuwa muna Illela. Sai ya sayi akwatin rediyo guda biyu, irin wanda ake magana a ciki a amsa, ya nemo takardar izini, ya ajiye ɗaya a ɗakinsa na can, ɗaya a zaurenmu. Batirin mota take ci. Mutum zai danne wani maɓalli a jikin abin maganar, ya faɗi saƙonsa, ya ce "oba", ya saki. Muddin yana danne da shi, ba ya jin na can.

Taubashina ne ya haɗa ta, ɗan gwaggona mai gyaran rediyo a Ƙonni. Ya hau soro ya kafa gora, ya ja doguwar waya har kan itacen dogon yaro da ke ƙofar gida. Wata wayar kuma ya fitar ta tagar zaure, ya ɗaura ta a wani rodi da ya buga cikin ƙasa, kusa da dutsen da Baba yake alwala. Na ga ya yi haka, ban tambaye shi dalili ba. Ba a tambayar taubashi abu, sai ya shekara yana yi maka dariya.

Aikina a wannan sha'ani rubutu ne. Inna ba ta fitowa zaure, kuma ba ta yarda da saƙon baki, ta ce kowa sai ya sa nasa. Ajami take karantawa. Don haka duk abin da Yaya ya faɗa, ni nake ɗauka da alƙalami da tawada, in busar, in kai mata ciki. Taubashina ya raɗa mini suna Tafireta, sunan ya bi ni har masallaci. Baba kuwa bai taɓa riƙe abin maganar ba. Cewa yake ba ya zance da mutumin da ba ya ganin idonsa. In an fara kira sai ya ɗauki buta ya fita.

A bazarar shekarar da iyakarmu da Ƙonni take rufe ciwo ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa nauyi. Yaya ya zo da mota zai kai shi asibiti Sakkwato. Na riga na sa takalmi, Baba ya dube ni ya ce, "Kai zamna gida wurin uwarka. In ina bukatarka, ga abin naku nan, sai a kira." Muka yi alkawari da Yaya kullum bayan la'asar zai buɗe, ni ma in buɗe. Duk abin da ya rage tsakanina da mahaifina ke nan: kiran bayan la'asar.

Da suka tafi, Inna ta wanke butarsa ta rataye. Ni kuma na share gefen dutsen nan tas. Ɗa ba ya tsugunawa inda ubansa yake alwala, ko uban yana nan ko ba ya nan. Mu a bakin masallaci muke yin tamu. Wurin da shekara da shekaru bai taɓa bushewa ba, sau biyar a rana ana zuba masa ruwa, ya zama fari fat kamar sauran ƙasar gari.

Makon farko muryar Yaya tana fitowa ras. Ina rubuta abin da likita ya ce, da abin da Baba ya ci, da wanda ya je dubiya. A mako na biyu sai muryar ta fara sirancewa. Yau a ji rabin magana, gobe a ji gaisuwa kawai, sauran duk shuu, kamar ana zuba gero a masaki.

Babu abin da ban gwada ba. Na kai batir tasha aka yi masa caji, na dawo da shi a kan amalanke. Na kankare kawunansa da wuƙa har suka yi ƙyalli. Na hau soro da tsakar rana na ƙara ɗaure gorar, na bi wayar sama taki-taki ina neman inda ta tsinke. Na kashe akwatin na kunna, na kashe na kunna. Na matsar da shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Maƙwabcinmu ya ce sojojin bakin iyaka ne suke toshe iska, wani ya ce hankaki ne ke sauka a kan wayar. Na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa a zauren, don ba a rasa abin da ido ba ya gani.

Ran nan wani tsoho, abokin Baba daga Amarawa, ya zo jin labarinsa. A ƙasa ya tako, ya iso gab da la'asar. Kafin in yi magana ya tsuguna a kan dutsen, ya wanke ƙafafunsa da buta guda, ya nemi wata ya yi alwala. Ban iya hana shi ba, amma abin ya tsaya mini a rai. A ranar muryar Yaya ta fito kamar yana zaune a gabana. Ya ce an sallami Baba daga asibiti, yana kwance a ɗakinsa shi Yaya, nan kusa da rediyon, jiki dai sai addu'a. Na cika takarda gaba da baya. Na ce a raina kankarar batir ce ta yi aiki. Da tsohon ya tafi, na ɗauko wani fasasshen turmi na kife a kan dutsen, don kada wani baƙo ya sake.

Bayan kwana biyu magana ta ɗauke gaba ɗaya. Na aika wa taubashina ta hannun masu jakai da ke bin hanyar daji. Na so in hau mota in tafi Sakkwato, amma Baba ya ce in zauna, kuma ranar Lahadi wani direba ya kawo saƙon baki cewa da sauƙi. Inna ta ce in bari a kira.

Ranar Laraba bayan la'asar na zauna gaban akwatin, takarda a cinya. Shuu ɗin nan ne dai. Sai can a ƙarƙashinsa na ji wani abu kamar muryar mutum, nesa ƙwarai, tana hawa tana sauka, irin yadda ake jiyo karatu daga wata unguwa in iska ta juyo. Ba irin maganar Yaya ba ce, shi gajeru yake yi ya ce "oba". Wannan ba ta tsayawa. Na manna kunnena a jikin akwatin har ƙarfen ya ƙona ni. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Na danna na ce, "Illela ce, ba na ji, oba." Na sake. Na sake. Muryar ba ta fasa ba, ta yi ta tafiya kamar tsawon karatun izu guda, sannan ta yi shiru. Tawada ta bushe a bakin alƙalamina.

Washegari da hantsi taubashina ya iso, wandonsa duk ƙarangiya.

"Tafireta! An ce ka kashe mini rediyo. Mi ka yi mata, wankin allo ka ba ta?"

"Bar wasa, bawana. Kwana biyar ban ji Sakkwato ba."

"To ai kai ne bawan, tunda ni anka kira." Ya taɓa batir, ya leƙa sama. "Anten, wayar saman ga, lafiya lau." Bai ko buɗe akwatin ba. Ya kama wayar nan ta taga ya bi ta waje, ya tsaya a gaban turmin. "Wa ya kife wanga abu nan?"

"Ni. Wurin Baba ne."

Ya ture turmin da ƙafa, ya tsuguna, ya damƙi ƙasar, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Tun yaushe ba a zuba ruwa nan?"

"Tun da ya tafi."

"Kai, ɗan kawu. Don mi kake tsammanin na buga rodin nan wurin? Duk gidan ga nan kaɗai ƙasa ke da laima. Rediyon ga in ba ta kama jiƙaƙƙar ƙasa ba, kurma ce."

Ya shiga zaure ya ɗauko tulun ruwan sha ya juye duka a gindin rodin. Muka tsaya muna kallon ƙasa tana shanyewa. Ya ce in kunna.

Ba lokacin kira ba ne, amma Yaya yana kai. "Illela, Illela, Illela," muryarsa ta dushe. Na amsa. Ya ce tun asuba yake kira. Baba ya cika bayan sallar asuba, ga shi an gama sutura, mutane sun taru, ba za a iya jira ba. Na yi salati, taubashina ya zauna daɓas a ƙasa.

Sai Yaya ya ce, "Jiya dai ka samu duka ko? Oba."

Na ce, "Duka mi? Oba."

Ya ce jiya da la'asar Baba da kansa ya ce a miƙo masa abin maganar. Yana da zance da ni da Inna, a rubuta. Babban yatsansa ba ƙarfi, sai Yaya ya ɗaure maɓallin da roba, ya ɗora masa a ƙirji. Baba ya ce kowa ya fita. Suka fita, suka ja ƙofa. Da Yaya ya koma, Baba ya ce masa, "Na gama. Yana can ya rubuta." Daga nan bai ƙara wata doguwar magana ba.

"Ka rubuta ko? Oba."

Na dubi takardar da ke gefen akwatin. Na san yadda Baba yake magana, na san kalmominsa, na san abin da uba yake faɗa a irin wannan lokaci. Da na so, da na cika takarda biyu, ba mai ganewa har abada. Na danna na ce, "Ban ji ba, Yaya."

Na shiga ciki hannu sake. Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata, ta ajiye rariya. Na faɗa mata rasuwar, ta yi salati, ta zauna. Sannan na faɗa mata sauran.

"Ko kalma guda?"

"Ko guda, Inna."

"Ya daɗe yana yi?"

"Ya daɗe."

Ta ce, "Shekara arba'in ban ji shi ya daɗe yana magana ba."

Mun isa Sakkwato bayan azahar, an riga an dawo daga maƙabarta. Inna ta rayu shekara tara bayansa. Lokaci-lokaci, muna zaune haka kawai, sai ta ce, "Kai da ka ji sautin, a ganinka faɗa yake ko lallashi?" Nakan rufe ido in sake saurara. Kullum amsar ɗaya nake ba ta, cewa ban sani ba, sai ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbinta.