Jinin Yaya Tsuntsu Bai Ba Da Shaida Ba

Yayana kafinta ne mai rufin kwano. Tsuntsu ake ce masa, don tun yana saurayi ba ka ganinsa sai a saman gini, ƙusa a baki, guduma a ƙugu. Sanyin halinsa har ya yi yawa. Ni ce masifaffiyar gidanmu, kowa ya sani.

Masu sana'arsu suna da wata doka da na tsana: in ka faɗo, ka sake hawa nan take, in ba haka ba tsoro ya shige ka ke nan. To ranar da katako ya karye da shi, ƙeyarsa ta daki siminti, haka ya yi. Ya karkaɗe wando, ya ce ba komai, ya koma ya ƙarasa rufin. Har tafi abokan aiki suka yi masa. Tafin banza!

Daga nan Yaya ya sauya. Sai ya ajiye guduma ya hau nemanta. Kukan 'yarsa kaɗai ya isa ya sa shi tsawa. Rannan ya jefi matarsa da kofi, mutumin da ko kaza bai iya kora ba. Ta ce da ni, "Ke, ba ciwo ba ne, hali ne ya fito. In likita ya nuna min ciwo ne, zan zauna in yi jinya. In ba haka ba, wallahi na gaji."

Da ƙyar na ja shi asibiti. Hoton kai bai nuna komai ba. Likitar ta ce akwai wani gwaji da suke kan bincikensa: in ƙwaƙwalwa ta bugu, takan saki wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi cikin jini, ana ce musu maikuro-RNA, suna iya ba da shaida ko hoto ya yi shiru. Ta tambaye ni yaushe ya faɗo. Da na ce an kusa wata, sai ta ajiye biro.

"Da ma ranar kuka kawo shi," in ji ta. "Yanzu sawun ya goge. Ina zargin bugun ne, amma ba ni da abin nunawa."

An ɗebi jinin duk da haka, ba a ga komai ba. Na kai wa matarsa maganar likita, ta ce zargi ba shaida ba ne. Na so in zazzaga mata masifa, sai na ga tabon kofi a goshinta, na fasa. Ta kwashe yaranta ta tafi.

Yanzu yana wurina, kuma ganinsa na ci min rai. Jiya da la'asar na tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, ya dafe ƙeya.

Na ce, "Yaya, kan ne?"

Ya ce, "Ba komai, ƙanwata. Yaran nan nake jira, yau sun daɗe a makaranta."