Kujerar da ta ƙi zama inda na sa ta

Shekarun baya, lokacin ina haya a wani bene a unguwar Soundview, can ƙasar waje, tare da mahaifiyata, ina da aboki ɗan Nijar mai tuƙa tasi. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu. Duk ranar da ya ari motata, sai in tarar ya ja kujerar direba baya har ƙarshe, ni kuwa gajere, ƙafata ba ta kai birki. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ni na rage maka tsawo?"

Ba abin da yake so kamar haɗa 'yan motocin nan na roba da ake sayarwa a kwali gunduwa-gunduwa. Ta ƙarshe da ya saya a unguwar Harlem wata doguwar baƙar mota ce ta wani tsohon fim da ya kalla yana yaro. Shi ba ya bin takardar kwali yadda ta zo. Ya mayar da cikin motar ja, irin na tasin mahaifinsa, ɗan mutum-mutumin direban kuwa ya jefa shi a shara, wai ba zai ajiye mai fuska a ɗakin da yake salla ba. Ya gama inji da tayoyi ke nan ciwon zuciya ya ɗauke shi, da rana tsaka.

Matarsa tana takaba ta aiko mini da kwalin, ta kira ni a waya. "Yaya, ina fita takaba zan koma gida. Don Allah ka ƙarasa masa. Ba na son in tafi da ita a wargaje." Saura mako biyu. Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba, na ce to.

Na bi takardar daki-daki kamar ɗan firamare. Da na zo kan kujerar direba, na ɗiga gam na manna ta daidai inda hoton ya nuna, dab da sitiyari. Washegari na tarar ta koma baya. Na ce ai zafin hitar ɗumama ɗaki ne ya narkar da gam ɗin. Na ɓamɓare, na sake mannawa, na mayar da motar kan teburin kicin, nesa da zafi.

Da na dawo aiki kafin la'asar, kujerar tana baya.

Na uku na sayo gam mai ƙarfi, na danne kujerar da yatsa har sai da ya yi tsami. Na rufe kwalin, na ɗora shi saman kabad. Ba kowa a gidan sai mahaifiyata, wadda ciwon gaɓoɓi bai bar ta ta buɗe ko kwalbar mai ba. Da na sauko da kwalin washegari, kujerar ta koma baya har ƙarshe, ta kuma kame ƙam, kamar can aka manna ta tun farko. Ba zan ɓoye ba, ranar a masallaci na wuni, har liman ya tambaye ni ko lafiya.

Mahaifiyata ta leƙa motar ta ce, "Kun cire direba kun bar wuri fayau. Yanzu kuma mai ita ya zo zama kana matse masa ƙafa?"

"Haba Inna, roba ce fa."

"To, roba ce. Sai ka yi ta yi."

Na kira matar abokina da niyyar in ce na kasa. Ina ta kame-kame, sai ta ce, "Yaya, ka duba bayan takardar? A nan yake rubuta yadda yake so."

Ban taɓa juya ta ba. Rubutunsa ne da fensir, a jere: ciki ja, a cire direba, a dusashe ƙyallin tayoyi. Layin ƙarshe ya ce, "Kujera baya har ƙarshe. Ba ta gajeru ba ce."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka, har mahaifiyata ta fito daga ɗaki. Na bar kujerar a inda take, na sa gilashi da rufi, ba abin da ya sake motsi. Matarsa ta tafi da ita a jakar hannu, naɗe cikin rawaninsa.

Har yau ban san me ya ja kujerar nan ba, na kuma daina neman sani. Abin da na koya dai shi ne, in an ba ka amanar aikin mamaci, fara neman yadda shi ya so, ba yadda kwali ya ce ba. Kullum da safe in na buɗe motata, kafin in zauna sai na duba kujerar. Tana nan inda na bar ta, kuma wallahi ba daɗi nake ji ba.