Gwaggo Likita da Kajin Bayan Mota

Ba ta taɓa riƙe allura ba, amma duk unguwa Gwaggo Likita ake ce mata. Shara da goge-goge ta yi a asibiti har furfura ta fito mata, a ɗakin masu amai da gudawa. Da zafi ya shigo gadaje sai su cika, kuma in aka bi diddigi, yawanci abinci ne da ya wuni a rana.

Da ta ajiye aiki sai ta kafa murhu a ƙofar wata masana'anta, tana gasa wa ma'aikata kaji da kifi. Katakon yanka biyu gare ta, na ɗanye da na gasasshe, kowanne da wuƙarsa. Mai sauri ya yi ta tsaki, ba ta sauke cinya sai ta tsaga ta ga babu ja a jikin ƙashi.

Wata ranar hutu dangi suka fita shan iska bakin tafki, aka bar mata gashi. Mijin 'yarta ne ya sayo yankakkun kaji tun da safe. Rana ta take ya buɗe bayan mota, sai ga su a leda, ko ƙanƙara babu. Ta taɓa, ta ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.

"Waɗannan ba za su hau wutata ba," in ji ta.

"Haba Mama! Ko wari ba sa yi. Ai wuta za ta kashe komai."

"Ba komai take kashewa ba, ɗana. Wani dafin ko ka babbake naman yana nan."

Ƙanwarta ta ja ta gefe. "Yaya, kin kunyata suruki a gaban jama'a."

"Ya ji kunyarsa a tsaye. Ni dai ba zan je duba jikokina a kwance ba."

Da hannunta ta haƙa rami ta binne kajin, don kada wani ya tsinta ya ci. Ta aika aka sayo ƙwai, burodi da albasa, ta soya, kowa ya ƙoshi, ana yi mata tsiya wai ta mai da kaji ƙwai.

Surukin ne kaɗai bai ci ba. Har damina ta sauka bai taka gidanta ba, abin kuma ya yi mata ciwo. Da 'yarta ta roƙe ta ta ba shi haƙuri, ta je har gida ta ba shi, a kan faɗar da ta yi cikin mutane.

"Kajin kuwa," ta ce, "ko gobe ka kawo su haka, rami za su."