Mai Daddawar da Ta Ƙi Allura

Shekarar da na fara aiki, wani ƙaramin asibiti aka tura ni a ƙauye, can cikin ƙasar Gwaram. Daga Birnin Kudu nake zuwa, in hau mota in sauka a bakin titi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Talata ce ranar awo. Hajiya, shugabarmu, tana ɗaki tana duba ciki, ni kuma ina baranda ina yi wa mata allurar rigakafin sarƙe-haƙora, ciwon nan da ke shiga jariri ta cibiya. A lokacin ina ji da farar rigata, ina ganin duk wadda ke zaune a kan bencin nan jahila ce.

Akwai wata mai sayar da daddawa, doguwa, mai sanyin murya, ta girme ni nesa ba kusa ba. In ta shigo sai matan su riƙa matsawa saboda warin da ya kama zanenta. Da layi ya zo kanta na ce ta ɗaga hannun riga, sai ta dafe dantsenta.

"Malama, ki yi haƙuri, awo kawai na zo."

"Saboda me?"

"Wancan cikin an yi mini, ko mako ba a rufa ba na yi ɓari. Wannan wata shida ke nan, ban taɓa kai haka ba."

Na san allurar ba ta zubar da ciki. Da na ja ta gefe na zauna da ita, wataƙila da ta yarda. Amma mata sun cika benci, duk sun zuba mini ido. Na ɗaga murya na ce, "Kin fi mu sani, ko? To tashi ki ba mutane wuri, kin ishe mu da wari. Kuma in ɗan ya zo ya sandare, kada ki kuskura ki kawo mana shi nan."

Aka kwashe da dariya. Ta ɗauki katinta ta naɗe a gefen zane, ta ce, "Na gode, Malama," ta fita. Ba ta sake zuwa awo ba.

A gida ta haihu, namiji. Wata ungozoma da ke kawo mana mata ce ta ba ni labari daga baya. An yi suna lafiya, an yanka rago. Washegari yaron ya ƙi kama nono, bakinsa ya ɗame, jikinsa ya riƙa sandarewa yana banƙarewa. Mijin ya kira mai babur, uwar ta ce ba za ta je ba, an gaya mata kada ta kawo shi. Suka yi ta hayaƙi da rubutu kwana biyu. Da suka yanke shawarar wucewa Birnin Kudu, a bayanta ya cika, kafin su kai titi.

Na tambayi ungozomar ko uwar ta faɗi wanda ya hana ta. Ta ce a'a, ba ta ambaci kowa ba. Abin da na fara ji a raina sauƙi ne, ba tausayi ba.

Talatar da ta biyo, wata yarinya mai cikin fari ta fara noƙewa. Ban san sa'ad da bakina ya ce, "Kin san mai daddawa? Je ki tambaye ta ina ɗanta." Nan take ta miƙo hannu. Daga ranar na samu makami. Duk mai gardama, da ita nake rufe mata baki. Layi ya ƙaru, Hajiya ta yabe ni a gaban baƙin da suka zo duba aiki, ta ce na iya da mata.

Maganar ta fita daga asibiti ta shiga gari. Uwar mijin mai daddawar ta riƙa faɗa a gidan biki cewa da hannunta ta kashe mata jika. Matan da suka yi mata dariya a benci su ne suka daina sayen daddawarta.

Sau ɗaya na ƙara ganinta, ranar kasuwa, tana zaune da faifanta a ƙarshen layi. Na so in kauce, ta riga ta gan ni.

"Malama, ina wuni? Ya aiki?"

"Lafiya lau. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

Na sayi ta ɗari biyu don in samu abin yi da hannuna. Ta ƙara mini gyara. Ban ba ta haƙuri ba, kuma a Talatar da ta zo na sake kawo misali da ita.

Bayan damina mijin ya sake ta, ta koma gidan iyayenta a wajen Surko. Ni kuma aka mayar da ni Birnin Kudu, kusa da gida, kamar yadda na daɗe ina nema.