Rigar da Ba Wanda Ya Tuɓe

Baba Majo ya rasu. Da safiyar nan ɗiyarsa Rabi ta kira ni, ko sallama ba ta yi ba ta ce, "Tanti, mu munka kashe Baba?"

Majo Sahabi tsohon ma'aikacin likita ne a Azarori. Shekarar da na fito jami'a aka haɗa ni da shi, muna bin garaken albasa muna yi wa manoma bayani kan maganin feshi. Ni ina da takardu da Faransanci. Shi ya san mutane.

Ranar farko na yi awa guda ina jawabi. Da na gama ya ce, "Madam Diploma, sannu da ƙoƙari. Bari in hwaɗa musu abin da kinka ce."

Ya ce in mutum ya taso daga feshi yana zufa, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, to ba rana ba ce, ba iskoki ba. A tuɓe masa riga, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a kai shi likita tare da kwalbar maganin. Ban da nono, ban da tura yatsa a maƙogwaro.

Minti biyu, ya gama.

Ranar da na fara ganin wanda guba ta kama, sumewa na yi. Shi ya yayyafa mini ruwa, kuma har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba.

Jiya ya goya famfon feshi na aro, ashe murfin na yoyo, maganin ya jiƙe masa baya, ya ɗauka zufa ce. Ya iso gida ya tarar da surukai a zaure, ya zauna gaisuwa, ya kife. Sun ji yana cewa, "Riga… ruwa…"

Rabin mutanen zauren sun sha zama gabansa yana wannan karatun. Amma wa zai tuɓe dattijo gaban surukansa? Sai suka yi masa fifita. Suka ɗura masa nono, mai kyau kuwa. Rabi na bayan ƙofa da bokiti cike da ruwa, tana jiran a kira ta. Da rigarsa ya isa asibitin Madawa.

Ladabi dai an yi shi. Ba wanda zai ce ya ga cibiyar Majo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Madawa ce, muna tsaye muna kallon wani yana ɗura maganin feshi a kwalbar lemo. Majo ya girgiza kai. "Ni bakina ya gaji, Madam. Ki rubuta musu cikin waya, can suka jin magana."

Na ce wa Rabi kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, kuma ita wannan rabin kaɗai za ta ji daga bakina. Ku da kuke da hannu da sabulu, na ba ku ɗaya rabin.

Allah Ya jiƙan Baba Majo, Ya yafe masa, Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan. Wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a, su biyun.